Na Share Bidiyoyinka na Gonar Pitowa

Baban Zainabu,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Amma na gaji, kuma kai kaɗai na saba faɗa wa haka.

Gida lafiya. Inna na fama da gwiwa kamar kullum. Ƙaninka Sale ya karɓi rumfarka, yana iya ƙoƙarinsa. Zainabu ta gama lise, wato sakandare, ta tura dosiyen takardunta na neman shiga jami'a a Ngaundere da adireshin imel ɗinka, don shi muka sani.

Muka yi ta jira. Ƙawayenta duk sun samu amsa, ita shiru, har abinci ta daina ci sosai. Ran Litinin na ɗauki wayarka, na hau mashin cikin zafin Garwa zuwa shagon intanet na bakin kasuwa. Mai shagon ta duba, ta ce ma'ajiyarka ta cika maƙil, duk saƙon da aka aiko komawa yake yi. Ko in riƙa biya duk wata da katin banki, wanda ba ni da shi, ko in share wani abu.

Me ka tara haka, bawan Allah? Bidiyo ba adadi. Audugar gonarka ta Pitowa tun tana tsiro har ta fashe. Kogin Binuwai ya yi ambaliya. Akuyar maƙwabta tana haihuwa. Ni ina tankaɗe, ina cewa ka kawar mini da wayar nan. Kai ba ka fito a ko ɗaya ba, don kai ke riƙe da ita. Muryarka kawai ake ji, da ɗan tarin nan naka.

Mun fara kwashewa a filashi, layi na ta yankewa, sannan aka ɗauke wuta. Kaɗan muka tsira da su. Na zauna a benci na yi ta share na gonar da yatsana. Mai shagon ta ce sai na zubar da kwandon sharar da ke cikin wayar ma, in ba haka ba wuri ba zai samu ba. Na zubar. Da kai ne, wanne za ka bari?

Ban taɓa faɗa maka ba: faɗan nan da nake yi in ka ɗauke ni, na baki ne. Daɗi nake ji.

Zainabu ta buga wa ofishin jami'ar waya, suka sake turo amsar. An ɗauke ta. Ta yi tsalle, ta yi kuka, ta rungume Inna. Ba ta tambayi yadda aka gyara ba, ni ma ban faɗa ba. Jibi za ta hau mota, gidan ya rage daga ni sai tsohuwa.

Allah Ya haskaka makwancinka. Ka huta, ni da sauran aiki a gabana.

Taka har gobe,
Maman Zainabu