Motata ta sake murya

Tama, daren Laraba

Yau na fara fita da tsohuwar akori-kurata tun da Isuhu makanike ya cire injin mai shan esansi, wato fetur, ya sa mata ƙarami na gazuwal, wato dizal. Ta hau tudu da buhunan albasa, ko tari ba ta yi ba. Murna ta hana ni lura cewa har Madawa ba wanda ya tare ni.

Da na dawo na iske Gwaggo Hadiza bakin hanya a ƙauyensu, fuska a ɗaure. Ashe tun asuba ta shirya mijinta za a kai shi asibiti, ƙafarshi ta kumbura. Suna cikin gida suna sauraren kukan motata.

Ta ce, "Mun ji kwat-kwat, muka ce injin niƙa ne. Ɗan nan, ka sake wa mota murya ba ka gaya wa kowa ba?"

Shekara da shekaru ban taɓa danna oda a ƙauyensu ba, injin ke yi mani sallama.

Gobe da asuba zan je in ɗauke shi. Zan tsaya ƙofar gidan in bar ta tana kuka, har su haddace sabuwar muryarta.