Ƙusar da ɗana ya ɓoye a aljihu

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da ba ya gyaruwa, don kin san bakin uba ba ya faɗuwa ƙasa banza. ’Yata ce ke rubuta mini wannan, ba wai don idona ba, rubutunta ne ya fi nawa kyau.

Ni direban jirgin ruwa ne mai inji, ina ƙetarar da mutane tun kafin a haifi yawancin masu yi mini dariya yau. Ɗana na fari yana aiki tare da ni. Ɓarnau ake ce masa, ni na sa masa. Yana yaro ya saki sifanata a ruwa, na sa shi ya yi ta nutso yana nema har ya yi haɓo, bai samo ba. Sunan ya bi shi. Yau ga shi da ’ya’ya, amma kowa a bakin ruwa haka yake kiransa. To mene ne a ciki? Mu ma da haka aka koya mana aiki.

Kwanakin baya na daki kututture, cibiyar farfela ta saki. Wata roba ce a cikin farfela da ke riƙe ta da sandar inji, in ta saki sai inji ya yi ta ihu jirgi bai motsa ba. Muka je shago sayen sabuwa. Ɗana ya dage sai irin ta zamani, wadda ke zuwa a kwali da wosha da noti, ana iya canza ta ko a kan ruwa. Na ce to ya ƙirga haƙoranta a ga ko sun yi daidai da na sandarmu. Ya ƙirga daidai, amma na sake bi da yatsa a gaban mai shago, na ce ai Ɓarnau ko yatsun hannunsa ya ƙirga sai an duba. Mai shago har da riƙe ciki. Wasa ne fa.

Da muka dawo ya roƙi in bar shi ya ɗaura, na ce ya matsa ya ba ni wuri. Na baje kayan a kan tsumma, na shafa giris, na fara sa wosha mai kauri, na zura cibiya a farfela, na ɗora, na ɗaure noti tamau. Saura wata ’yar ƙusa mai ƙafa biyu da ake zurawa a lanƙwasa don kada noti ya kwance. Siririya ce, ta saje da tsumman, ga rana tana dukan ido. Ban gan ta ba, sai ta fita raina. Shi kuwa ya gan ta. Yana tsugune kusa da ni, ya ɗauke ya sa a aljihu, ya yi gum.

Na fita gwaji ni kaɗai. Ina kaiwa tsakiya na sa ribas, sai inji ya ɗauki kuka. Farfela ta tafi ƙasan ruwa. Ruwa ya ja ni ya nufi ƙafar gada, filafili ɗaya a hannun tsoho me zai yi? Wallahi na sadaƙar. Wanda ya jawo ni da igiya kuwa Dogo ne, wani direba da ba ma ga maciji da juna shekara da shekaru.

Ina saukowa na tarar bakin ruwa ya cika, ɗana yana tsaye da waya a sama yana ɗaukata a bidiyo. Ya matso, ya buɗe tafin hannuna, ya ajiye ƙusar. Sannan ya ɗaga murya kowa ya ji, wai in tuɓe riga in yi nutso in nemo farfelar, zai jira ni ko da zan yi haɓo. Malama, ko mutum ɗaya bai tsawata masa ba. Dariya aka yi. Yanzu ’yan dako Babban Ɓarnau suke ce mini, fasinja kuma sun ce ko na gyara, na gaba za su jira.

Uwarsa sai kuka take tana ba ni haƙuri. Ni kuwa niyyata in sayar wa Dogo jirgin da injin, yaron nan ya tashi a tutar babu, sannan in ɗaga hannu in yi masa baki. Ƙusar tana aljihuna, duk sanda na taɓa ta zuciyata tafasa take. Ki faɗa mini, akwai mai ganin laifina?

Tsohon direban jirgi

Baba, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Abin da ɗanka ya yi mugunta ce, ba ni da wani suna da zan ba shi. Ya san ƙafar gada ba ta san wasa ba. Da Dogo ba ya kusa, da yanzu ba farfela ake nema a ruwa ba. Dole ya goge abin da ya ɗauka, ya durƙusa ya nemi gafararka a gaban mutanen da suka yi dariya.

Amma ka tambaya ko akwai mai ganin laifinka. Akwai, ni ce. Maganar da ya faɗa maka a bakin ruwa ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Taka ce ya adana tun yana yaro, ya dawo maka da ita ba ragi. Abin da ka ɗanɗana na ’yan kwanaki har kake neman tsine wa ɗanka, shi ya sha tun kafin ya yi gemu, kai kana kiransa wasa.

Sai maganar ido. Baba, ba rana ce ta ɓoye maka ƙusar ba, ba kuma kyawun rubutu ya sa ’yarka riƙe biro ba. Kututturen nan ma ina jin ba ka gan shi ba. Ka je asibitin ido, in yanar ido ce ana cire ta. Kafin nan kada ka ɗauki ran kowa a jirgi.

Kada ka sayar da jirgin, kada ka yi masa baki. In ya lalace jikokinka ne za su kwana da yunwa, kuma a ƙofarka za su zo su yi kuka. Ka fi ni sanin dalilin sa roba a cikin farfela: don in an yi karo ita ta saki, inji ya tsira. Kai ne babba, kai za ka saki.

Ku sayi farfela da sabuwar cibiya, a gwada haƙoran tun a shago. Ka bar shi ya ɗaura, kai ka bi da yatsa ka duba, bakinka a rufe. Wancan sunan ka binne shi, ka hana kowa faɗa. In ya gama ɗaure noti, ka ciro ƙusar daga aljihunka ka miƙa masa. Ban yi maka alkawarin zai karɓa ba. Ka daɗe kana koya masa taurin zuciya, kuma ka gani da kanka ya iya karatun. Ko ya ƙi, kada ka janye hannun.

Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sanyaya zukatanku kai da shi.