Mai Gashin Baki a Aljihun Bosho

Gaya, Litinin

Yaya Balkisu, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Tounouga. Baba ya karɓe wayata sai bayan jarrabawa, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Inna ta kwance dilar bosho, kayan gwanjon nan, da ta zo daga Kwatano. A ciki akwai wata tsohuwar rigar sanyi mai nauyi, a aljihunta kuma hoton wani Bature mai gashin baki, ya taka balo da ƙafar dama. Idanunsa irin na mazan littattafaina na soyayya ne. Mushe Alassan mai koya mana Ingilishi ya karanta rubutun bayan hoton. Wai ɗan ƙwallo ne a Ingila tun 1896, gwiwarsa ta hagu ta karye, ya koma horar da 'yan wasa shekara ashirin da biyu, bai taɓa ɗaukar kofi ba. Sunansa ya goge.

Inna ta ce in wanke rigar da kanwa. Ban wanke ba, ƙamshin ruwan sama take yi. Yaya Yazidu ya gani ya ɗauka, da ita yake zuwa horar da ƙungiyar ƙwallon unguwa.

Ƙanwarki, Ma'u

Tounouga, Laraba

Ma'u sarkin mafarki, ina amsawa. Samarin takarda sun ƙare ne sai na kabari? Kin san dokar gidanmu: kayan bosho ba a san mai su ba, sai an wanke, abin aljihu kuma a ƙone. Wanke rigar, ki ƙone hoton. Ki gaida Inna.

Balkisu

Gaya, Lahadi

Yaya, barka da war haka. Ban yi ba, kuma tsoro nake ji. Yaya Yazidu ya fara ɗingishi da ƙafar hagu, likita ya duba bai ga komai ba. Cikin zafin azahar yana sanye da rigar, ba ɗigon gumi. Jiya na kai masa ruwa fili, ya dube ni kamar baƙuwa. Ya ce wa 'yan wasa su yi hankali da laka, alhali ƙasa a bushe take ƙayau. Da na kira sunansa sau uku, a hankali ya ce:

"Shekara ashirin da biyu. Saura wasa ɗaya."

Wasan ƙarshe na kofi ranar Asabar ne. Yaya, in ya ci, wa zai dawo mana gida?

Taki, Ma'u

Tounouga, Talata

Ma'u, na daina wasa. Ki ɗauke rigar yana wanka, ki jiƙa ta da kanwa. Hoton kuma murhu, yau ɗin nan. Duka biyun, kin ji ko? Allah ya tsare.

Balkisu

Gaya, Lahadi

Yaya, ina gaisuwa. Na wanke rigar, ruwan ya fito ja kamar laka. An ci ƙungiyarsu biyu da nema. Yaya Yazidu ya dawo da ƙafafunsa garau, yana zagin mai tsaron gida, ya cinye tuwo kwano biyu.

Hoton kuwa, na kai shi har bakin murhu, amma na kasa jefawa. Mutumin da ya jira haka, Yaya.

Ki yafe gajartar takarda, zama nake so in yi. Gwiwata ta hagu ke ɗan ciwo tun jiya. Ɗaukar ruwa ne, na tabbata.

Ki huta lafiya. Ma'u