Takardar da Aka Liƙa a Kabarin Mijina

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin birnin da aka binne mijina a Jamus,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ni ce Hadiza, matar marigayi Malam Sani direban motar shara. Yanzu ina Greensboro a Amurka wurin 'yata, ina aikin ɗaure kwalaye a wani sito da ke titin Wendover. Bokona bai yi nisa ba, don haka ba zan yi kwana-kwana ba.

Na ɗaya. Lokacin da kake neman kansila babu wanda ya san ka. Ka zo ɗan masallacinmu na ƙarƙashin bene, ka cire takalmi, ka ci tuwona da cokali. Sani ne ya yi maka tafinta, shi ne ya hau tsani cikin sanyi yana ɗaura hotunanka a fitilun titi. Abu ɗaya ya roƙa: gefen Musulmi a maƙabarta, inda ba za a baje kabari ba idan wa'adin hayar wurin ya cika, kamar yadda kuke yi a ƙasarku. Ka dafa ƙirji ka ce an gama.

Na biyu. Ka zama kansila, ka zama mataimaki, ka hau kujerar magajin gari har sau biyu. Da Sani ya rasu ka zo mini ta'aziyya da mai ɗaukar hoto. Fuskata a kumbure da kuka ta fito a takardun kamfen ɗinka, ban ce komai ba.

Na uku. Makon jiya Hajiya Rabi, tsohuwar maƙwabciyata, ta je ziyara ta turo mini hoto a waya. An liƙa takarda a dutsen kabarinsa, daidai kan sunansa: wa'adi ya cika, za a baje gefen nan kafin bazara, dangi su tuntuɓi ofis. A wurin aiki na gani, na zauna a kan kwali. Wa kuka rubuta wa? Ni da nake bayan teku, ko shi da yake kwance? Sau uku ina kiran ofishinka, ana ce mini kana yawon neman kujerar majalisa. A wane masallaci kake cire takalmi yanzu?

Ba dutsen nake wa kuka ba. Mutumin da ke ƙarƙashinsa bai taɓa kwana bai tambaye ni ko na ci abinci ba.

Roƙona, ka hana a taɓa shi da 'yan'uwansa da ke gefen. Ka rubuta hakan ka sa hannu, don ƙirjin da ka dafa na ga ƙarshensa. Sannan ka je da ƙafarka ka ɓare takardar nan, ba tare da mai hoto ba.

Allah Ya ba ka lafiya da tsawon rai. Ranar da taka ta zo, Allah Ya sa kada kowa ya liƙa takarda a kan sunanka.

Wassalam.

Hadiza, matar Malam Sani
Greensboro