Abin da Gindin Kibiya Ya Ɗauko

Diffa, 4 ga Nuwamba, 1998

Zuwa ga yayata Ya Fanna, a Damagaram.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, da ƙafar nan taki, da dukkan mutanen gida. Mu nan sai godiyar Allah. Komadugu ta kawo ruwa, tattasai ya fara ja.

Ɗana Muhsinu ya aiko mini da baka da kibau shida daga Faransa, wai kada zaman gida ya cinye ni tun da na ajiye alli. Kibau ne na harbin gwaji. A gindin kowace akwai ɗan maganaɗisu, a tsarkiyar kuma an ɗaura ƙwayar ƙarfe, sai gindin ya kama tsarkiya da kansa ya ce ƙas, ko hannun tsoho na rawa ba ta zamewa. Na rataye buhun ƙaiƙayi a tsohon lambun mahaifinmu na Shetimari, na zana masa da'ira da gawayi, ina zuwa bayan la'asar. Babagana mai ban ruwa yana yi mini dariya, yana cewa Malam, buhun nan ya fi kowa kwanciyar hankali a garin nan. Gaskiyarsa. Shekara arba'in ban riƙe baka ba.

Ƙanenki,
Jibirin

Diffa, 22 ga Nuwamba, 1998

Ya Fanna, ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki.

Akwai abin da ya hana ni sukuni. Duk kibiyar da ta kuskure buhu, wuri ɗaya take zuwa: bakin kyauron nan na gaɓar kogi, ta shige cikin yashi a kwance. Na mayar da buhun gabas, na canza wurin tsayuwa, ban ga bambanci ba. Babagana ya karɓa ya gwada, tasa ma can ta tafi. Ya miƙo mini bakan, kuma tun ranar yake kauce wa wurin.

Shekaranjiya na zaro ɗaya, sai ga tsinin wata tsohuwar kibiya manne da maganaɗisun, tsatsa ta ci shi. Kin tuna maƙerin gidanmu yakan yi wa kowane namiji alamarsa, don a san mai harbi idan an kayar da gadu mai ɓarna a lambu. Ta Baba tsaga ɗaya ce, ta mijinki Kashim biyu, tawa uku. Na goge tsatsar da yashi, na ƙirga uku.

Ki sa ni cikin addu'a.

Jibirin

Diffa, 1 ga Disamba, 1998

Ya Fanna, Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba ki haƙurin karanta wannan.

A shekarar babban ruwa, da sassafe, ina gadin tattasai, na ga kyauro yana motsi. Na ɗauka gadu ne, na saki kibiya ban duba ba. Abin da na ji tari ne, irin na mutum, sau ɗaya. Na gudu gida na zauna na karya kumallo tare da ku. Kafin yamma kogi ya hau ya rufe wurin. Da aka rasa Kashim, mutane suka ce ya tsallaka Najeriya ya bar ki da goyo, ni kuma na bar su suka faɗa. Na ga yadda kika daina ambaton sunansa, na ga kin bar garin saboda kunya, ban buɗe baki ba.

Jiya ban yi harbi ba. Na je ne kawai na ajiye kibiya a kan yashin wurin. Tana kwance, babu iska, na ji ƙas. Na ɗaga ta, sai ga zoben ƙarfe mai murɗi uku a gindinta, wanda kika sa wa Kashim a yatsa saboda ciwon hannu. Ga shi cikin wannan takarda.

Ban tona ba, kuma ba zan tona ba sai kin zo, domin ke ce mai hakki. Na sanar da liman, na tanadi likkafani. Abin da kika ga dama ki yi da ni bayan haka, na karɓa, ko gaban hukuma ne.

Ban rubuto don neman gafara ba, ban kai nan ba tukuna. Na rubuto ne don ki sani Kashim bai tafi ya bar ki ba. Yana kan hanyar gida ne, taku ɗari biyu daga ƙofarki.

Ƙanenki mai laifi,
Jibirin