Ƙaiƙayin da Muka Zuba a Rumbun Tsimi

Zuwa ga Yaya Gazali, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Sa'a da yara, Ya sa albarka a nemanka. Inna na nan, idonta ya ƙara rauni. Bana ko dami uku ba mu ɗaure ba a gonar gabas. Dilo, 'ya'yan anza, muke ci, sai an jiƙa shi kwana da kwanaki kafin ɗacinsa ya fita.

Yaya, ka samu wuri ka zauna, don labarin ba mai daɗi ba ne, kuma da hannuna a ciki. Bayan kaka aka aiko daga Tasawa cewa kwamanda zai zo duba rumbun tsimi, wanda gwamnatin soja ta ce kowane gari ya ajiye hatsi a ciki. Namu kuwa tuni yunwa ta sa muka cinye. Maigari ya tara mu, ya ce in aka iske shi wayam rawaninsa ya tafi, mu kuma mu sha bulala. Aka shirya a cika shi da ƙaiƙayi, a jera zangarniyar gero a sama. Ka san ni ne sarkin samari yanzu. Ni na bi gida-gida ina tattara ɗan abin da ya rage wa mutane, ni na shiga rumbun na tattake ƙaiƙayin da ƙafata. Kowa ya yarda, liman ma bai hana ba.

Baba kaɗai ya ƙi. Ya ce shi ba ya ƙarya a kan abinci, kuma in muka nuna mun ƙoshi, wa zai aiko mana da hatsi? Na ce masa ya tsufa, ya bar mu mu yi abin da gari ya yi. Wallahi haka na faɗa masa, a gaban mutane. Ran da kwamanda ya zo muka yi layi muna tafi, mata na guɗa da ciki wofi. Ya leƙa rumbu, ya ga gero, ya yaba. Sai Baba ya miƙe da sandarsa, ya ce a zura hannu ƙasa a gani. Kafin ya rufe baki maigari ya ce ruɗin tsufa ne. Gari duka ya fashe da dariya, har da ni ɗansa. Soja suka zaunar da shi a rana har la'asar, wai ya katse wa babba magana. Daga nan ko sallamarsa ba a amsawa a masallaci.

Da kamyon taimako, manyan motocin kaya, suka fara fitowa da jar dawa, sai muka ga suna wuce mu, su nufi wajen Korgom. Ashe an rubuta garinmu cikin masu wadata. Yara shida muka binne tun daga lokacin, har da Mairo, ɗiyar Halima ƙanwarmu. Sai ga masu dariyar nan sun cika zaurenmu, ba kunya, suna roƙon Baba ya je Tasawa ya faɗi gaskiya. Ya ce zai je, amma wa zai raka shi ya shaida? Kowa ya sunkuyar da kai. Ni ma na noƙe, don na san ni za a fara kamawa. Jakinmu ya mutu, saboda haka ya tafi a ƙafa, shi kaɗai. Bai kai ba, Yaya. Masu amalanke suka tsince shi a gindin wani gawo suka kawo mana. Allah Ya karɓi abinsa ranar Talata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Gobe in Allah Ya kai mu zan tafi Tasawa in faɗa da bakina, kome za su yi mini su yi. Tsoro nake ji ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. In ka ji shiru daga gare ni, ka zo ka ɗauke Inna da Halima kafin bazara ta yi tsanani.

Ka gaishe da Sa'a, da Hammadu, da Lailatu, da Kawu Jaji in yana nan. Halima na yi maka ta'aziyya. Inna ma na san tana gaishe ka, sai dai ba ta bakina ba, don tun ranar jana'iza ba ta ƙara yi mini magana ba.

Ka yafe mini in za ka iya.

Ƙaninka,
Hamani