Geron da Na Sa Aka Shuka

Maruda, daren Talata

Da sassafe: duba gonar Yaya Sani.

Geron duk ya ƙone. Kwanakin baya malamin gona na Kalgo ya ce damina ta zauna, a yi shuka. Ni na bi gida-gida ina faɗa, wai na yi sakandare. Tun ranar da aka yi shukar ruwa ya ɗauke.

Yaya bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Bello, malamin naku bai ba ka lambar wayar hadari ba?"

Ɗazu malamin ya bugo: tsutsa ta shiga masarar fadama a Masama, in tara mutane a yi feshi. Ƙila gaskiya ne. Amma wa zai saurare ni? Ni kaina ina shakka.

Gobe:
Neman iri a Gwandu.
Gyaran famfon feshi.
Gaya wa Yaya zancen tsutsa, in na iya.